Amsoshin Tambayoyinku: Tagwayen da Aka Haifa a Manne

Wani mai sauraronmu daga Dakoro, jihar Maraɗi, yana tambaya: tagwayen da aka haifa manne da juna, mutum ɗaya ne ko biyu?

To Malam, mutum biyu ne cur. Ƙwai ɗaya ne bai gama rabuwa a mahaifa ba, amma kowa da tunaninsa da halinsa. Ladan da Laleh Bijani na Iran, manne a ka suka yi karatun lauya, burin Ladan ke nan, ita kuwa Laleh aikin jarida take so. Da bakinsu suka nemi a raba su, suka rasu wajen tiyatar a Singafo a 2003. Amma ana dacewa: a Fabrairun 2024 likitocin Riyadh sun raba wasu ƴan biyu mata daga Kano.