Yadda sabon shiga zai saba da maɓallan teburin foka na intanet

A shekarar 2003, wani akanta ɗan jihar Tennessee a Amurka, Chris Moneymaker, ya samu gurbin shiga babbar gasar foka ta duniya a Las Vegas ta hanyar wasa a shafin PokerStars, kuma ya tashi da dala miliyan 2.5. Labarinsa ya ja mutane da yawa zuwa wannan wasan karta. Sai dai abin da ke fara kayar da sabon shiga ba katin hannunsa ba ne, yatsansa ne, wanda ke danna abin da bai yi niyya ba.

Kafin komai, akwai iyaka. Wasa da kuɗi na gaske caca ne, kuma addinin Musulunci ya haramta shi. Ko a 2024 hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca. Saboda haka bayanin nan na teburin kwabban wasa ne, irin na manhajar Zynga Poker da ta fito a Facebook a 2007. Ko a can ma akwai maɓallin sayen ƙarin kwabbai da kuɗin aljihu, kuma kwabban ba sa komawa kuɗi. Wannan maɓalli mai koyo ya bar shi kurum.

Matakin farko kallo ne. Mai koyo ya buɗe teburin Texas Hold'em, ya bari a yi zagaye biyu ko uku bai zauna ba. Zai ga wani ɗan faifai mai harafin D yana matsawa daga kujera zuwa kujera bayan kowane rabo. Mutum biyun da ke hagu da faifan su ne ke zuba kwabban dole, misali 10 da 20, tun ba su ga kati ba. Kowa na samun kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya: uku a lokaci guda, sai ɗaya, sai kuma ɗaya.

Daga nan sai ya zauna ya san maɓallansa, waɗanda ke fitowa a ƙasan allo idan layi ya zo kansa. Fold na nufin ya ajiye kati ya fita daga rabon. Check shi ne ya wuce bai zuba komai ba, kuma ba ya samuwa sai idan babu abin da ake binsa. Call daidaita abin da wani ya zuba ne, Raise kuwa ƙari a kansa.

A nan ne ya kamata a dakata. A manhajoji da dama, gurbin da Check yake shi ne ke rikiɗa ya zama Call da zarar wani ya zuba. Mai koyo yana riƙe da kati marasa ƙarfi, babban yatsansa na shawagi a kan Check, sai na gabansa ya tura 500, rubutun ya canza a ƙiftawar ido, yatsa ya sauka, kwabbai sun tafi. Babu maɓallin janyewa. Maganin abin shi ne ya ɗage yatsa daga allo har sai agogon da ke ƙirga masa lokaci ya fara tafiya, ya karanta adadin da ke jikin maɓallin, sannan ya danna.

Sandar da ake ja don ƙayyade yawan ƙari ita ma tana da santsi, musamman a ƙaramar waya. Idan ta kai ƙarshe, ta zama All-in ke nan, wato duk abin da ke gabansa. Ya fi kyau ya yi amfani da ƙananan maɓallan da ke kusa da ita, irin su rabin tulin tsakiya: idan tulin 200 ne, rabin 100 ne. Inda aka ba da damar rubuta adadi da hannu, to ya rubuta.

Akwai kuma akwatunan zaɓi tun kafin layi ya iso. Check/Fold ba shi da wata illa ga mai katin banza. Call Any kuwa alkawari ne na biyan duk abin da aka zuba komai yawansa, don haka sabon shiga ba shi da hurumi a wurinsa.

Agogo ba ya jira. Idan lokaci ya ƙare, ko sabis ya ɗauke, manhajar za ta wuce masa in babu bashi, ko ta ajiye masa katin in akwai. Wanda zai tashi salla ko amsa kira sai ya danna Sit Out inda ake da shi, kujerarsa ta jira shi na ɗan lokaci.

Mataki na ƙarshe yana cikin saituna. Idan manhajar na da kati masu launi huɗu, ya kunna, domin a ƙaramin allo ja da ja suna rikita ido. Ya bar ƙarar da ke sanar da zuwan layi a kunne, ya kashe akwatin hira idan surutun na ɗauke masa hankali. Bayan ya tashi, sai ya buɗe tarihin rabon da aka yi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ware inda ya danna da niyya da inda yatsa ya riga shi.