Yadda Ake Kasafta Kuɗin Lakol a Ƙasar Matankari

A kowace firamaren gwamnati da ke ƙasar Matankari, kaso mafi tsoka na kuɗin shekara ba ya bi ta hannun darakta. Albashin malamai ne, na dindindin da ƴan kwantiragi, kuma daga baitulmalin ƙasa yake fitowa. Abin da ake kasaftawa a ƙauye shi ne ɗan abin da iyaye suka tara.

Aikin na kwamitin kula da makaranta ne, wanda kowa ke kira COGES, ko da yake tun 2012 CGDES ne sunansa a takarda. Da an koma lakol a watan Oktoba sai a kira taron gari. A jero matsaloli, a zaɓi waɗanda ƙarfi zai kai, a yi musu farashi, sannan a yanka wa kowane magidanci nasa. Wani ya ba da kuɗi, wani damin kara, wani dirka, wani ƙarfin jikinsa. Ma'aji yana rubutawa.

Ajin zana ke fara ɗibar rabonsa. Kara ba ya samuwa sai an gama girbin hatsi, shi ya sa wasu yaran ba sa shiga aji sai Nuwamba ya kama. A saƙa zana, a sayo igiya, a kafa dirkoki, a jingina allo. Kafin damina ta wuce, iska da gara da awakin gari sun gama da shi, baɗi kuma sabon lale. Arharsa ma yaudara ce: a Nuwamban 2021 gobara ta kashe yara sama da 20 a irin waɗannan azuzuwa a Maraɗi.

Abin da ya rage sai alli, da gyaran benci, da ruwan randa. Zafin bazara na kamawa, ruwa ya shiga gaban komai. Jarrabawa na matsowa, hankali ya koma kan darasin ƙari na ƴan ajin ƙarshe.

Rabon na shekaru ma yakan juya. In ma'aikatar magajin gari ko wata ƙungiyar agaji ta gina ajin siminti, kuɗin zana sai su koma wajen littattafai ko gyaran masai. In damina ta yi gardama kuwa, gudummawa ta ja baya, gyaran benci ake fara jinginewa, yara su zauna a tabarma.

Dab da babban hutu kwamiti ke sake tara gari, ya karanta abin da ya shigo, da abin da aka kashe, da aikin da aka ɗage zuwa baɗi.