Ƙasar ƙanƙara a kan kwali

Yaran ƙasarmu sun san ƙanƙara. Wani lokaci takan faɗo tare da ruwan damina, ƙanana kamar tsakuwa. Ana kuma sayar da ita a kasuwa lokacin bazara don sanyaya ruwan sha. Amma ƙanƙarar nan ba ta daɗewa. Kafin a kai ta gida ta fara narkewa.

Can kudancin duniya akwai wata ƙasa wadda ƙanƙara ta rufe tun shekaru miliyoyi. Sunanta Antaktika. Zuwa can yana da wuya ƙwarai. Amma ƴan lakwal suna iya gina ƙaramin samfurinta a cikin aji, da kwali da ƙaro da alli. Kafin a soma aikin, sai an san ƙasar tukuna, gama wanda bai san kamannin abu ba, ba ya iya siffanta shi.

1. Yadda ƙasar take

Faɗin Antaktika ya kai wajen kilometir murabba'i miliyan 14. Wato ta yi kamar Nijar goma sha ɗaya. Cikin kashi 100 na ƙasar, wajen kashi 98 suna ƙarƙashin ƙanƙara. A yawancin wurare kaurin ƙanƙarar ya kusa metir 2000, kusan tsawon dutsen Bagzan na ƙasar Ayar, wanda ya kai metir 2022. A wasu wurare kaurin ya wuce metir 4700.

Ruwa yana daskarewa idan ma'aunin zafi ya sauka zuwa sifiri. Ran 21 ga watan Yuli na shekara ta 1983, a tashar bincike ta Bostok, ma'aunin ya nuna digiri 89 ƙasa da sifiri.

Abin mamaki shi ne, Antaktika hamada ce. A tsakiyarta, dusar ƙanƙarar da ke sauka a shekara kaɗan ce ƙwarai, kamar yadda ruwan sama yake ƙaranci a Tenere. Sai dai abin da ya sauka ba ya narkewa. Na bana yana hawa kan na bara, nauyi yana danne na ƙasa, har ya zama ƙanƙara mai tauri.

Babu gari, babu gona, babu itace. Rowald Amundsan, mutumin ƙasar Norwe, shi da abokan tafiyarsa ne suka fara isa ƙarshen kudancin duniya, ran 14 ga watan Disamba na 1911. A shekara ta 1959 ƙasashe 12 suka sa hannu a kan yarjejeniya: ba za a yi yaƙi a Antaktika ba, wurin bincike ne. Mutanen da ke zama can masana ne da masu taimaka musu, kuma zaman nasu na ɗan lokaci ne.

2. Ƙanƙara iri huɗu

Mai gina samfuri yana bukatar ya rarrabe abubuwa huɗu.

Na ɗaya, dusar ƙanƙara. Fara ce fat, tana da laushi kamar gari. Iska tana kwasarta tana tarawa, kamar yadda take tara yashi a hamada.

Na biyu, ƙanƙarar tudu. Ita ce mai kauri. Tana gangarawa a hankali zuwa teku, don haka samanta yana tsattsagewa, ramuka masu zurfi suna buɗewa. Cikin ramukan shuɗi ne. Dalili kuwa, nauyi ya matse iskar da ke cikinta. Idan hasken rana ya shiga irin wannan ƙanƙara, tana shanye jan launi, shuɗin ne yake fitowa.

Na uku, gaɓar ƙanƙara. Idan ƙanƙarar tudu ta isa teku, sai ta ci gaba tana yawo bisa ruwa, bakinta a tsaye kamar ganuwa. Gaɓar da ake kira Ros ta kusa faɗin ƙasar Faransa. Daga nan ne manyan gutsattsari suke ɓallewa, su zama duwatsun ƙanƙara masu tafiya cikin teku. Kashi ɗaya cikin goma kawai ake gani a sama, sauran yana ɓoye cikin ruwa. Irin wannan dutse ne ya nutsar da jirgin ruwa Titanik a tekun arewa a 1912.

Na huɗu, ƙanƙarar teku. Ruwan teku ne da kansa yake daskarewa. Ba ta da kauri sosai, metir ɗaya ko biyu. Tana farfashewa kamar fasasshen faranti.

3. Kayan aiki

Ba a yin samfurin da ƙanƙara ta gaske, don za ta narke kafin a tashi daga lakwal. Ga abin da za a tara:

Kwali mai kauri guda biyu, tsawo santimetir 60, faɗi santimetir 40.
Guntayen kwali, ko farin abin nan marar nauyi da ake samu cikin kwalin sabon rediyo.
Tsofaffin takardu.
Ƙaro, da garin rogo kaɗan.
Farar ƙasa, guntayen alli, bula da gawayi.
Gorar roba ta ruwa wadda ake ganin cikinta.
Ƴan duwatsu baƙaƙe, ƙwayoyin dawa da gashin kaza.
Rariya, almakashi da abin awo.

Ƙaro shi ne babban kayan aikin. A jiƙa awo ɗaya cikin awo biyu na ruwan ɗumi, a bar shi ya kwana, a tace da ƙyalle. Idan ya bushe yana ƙyalli, ana kuma ganin abin da ke ƙarƙashinsa, daidai kamar ƙanƙara. Garin rogo kuwa, a dama shi a dafa har ya yi kamar kunu. Da shi ake liƙa takarda.

4. Ma'auni

Samfuri mai kyau yana bin ma'auni guda. A wannan aiki, santimetir 1 yana nufin metir 2. Ke nan kwalin yana nuna wuri mai tsawon metir 120 da faɗin metir 80, wato ya ɗan fi filin ƙwallon ƙafa.

Gaɓa mai tsawon metir 20 za ta zama santimetir 10. Ƙanƙarar teku mai kaurin metir 1 za ta zama rabin santimetir. Mutum ba zai kai santimetir 1 ba. Idan aka yi tsuntsu ya kai rabin tsawon gaɓa, mai kallo ba zai gane girman ƙanƙarar ba, aikin kuma ya ɓaci.

5. Yadda ake ginawa

Rana ta fari. A liƙa kwalaye biyu, ɗaya bisa ɗaya. A ɗora musu duwatsu har su bushe, don kada su lanƙwashe. A ja layi mai karkata a raba filin biyu: teku a gaba, tudu a baya.

A jera guntayen kwali a wajen tudu har su kai santimetir 10. Samansu ya zama shimfiɗaɗɗe. Bakin gaɓar kuwa, da hannu ake ɓantare shi, don ƙanƙara ba ta karyewa a miƙe kamar an yanka da wuƙa. Sannan a yayyage takarda, a tsoma cikin kunun rogo, a lulluɓe tudun duka. A ajiye a inuwa. Zafin rana yana sa takarda ta ɗaga.

Rana ta biyu. Malam zai tsaga ramuka uku ko huɗu a saman tudun da wuƙa. Ramukan su bi gefe ɗaya, kusa da bakin gaɓa. Yara ba su riƙe wuƙa ba.

A haɗa farar ƙasa da ruwan ƙaro a shafe tudun. Idan ya bushe, a dama bula da ruwa mai yawa, a ɗiga cikin ramuka da lungunan gaɓa da gashin kaza. A goge abin da ya hau sama da ƙyalle. Ƙa'idar launi mai sauƙi ce: shuɗi mai duhu a wuri mai zurfi, shuɗi mai haske a jikin gaɓa, fari a sama. Wanda ya shafa fari kaɗai, tudunsa zai yi kama da bangon ɗaki.

Teku kuma, a haɗa bula da garin gawayi kaɗan, don tekun can yana da duhu.

Rana ta uku. A shafa wa teku ruwan ƙaro. A jira ya bushe, a sake shafawa, har sau uku. A shafi na ƙarshe, a taɓa shi da gashin kaza kafin ya bushe, sai ƙananan igiyoyin ruwa su fito. A shafa ƙaro a jikin gaɓa ma don ta yi ƙyalli. Idan ƙaron ya ɗan tsattsage da ya bushe, ba laifi ba ne, haka ƙanƙara take yi.

A yanka gorar roba gutsi-gutsi, kowane da siffarsa. A goge su da yashi har su yi fari-fari. A liƙa su bisa teku, wasu kusa da juna, wasu nesa. Waɗannan su ne siraran ƙanƙarar teku. Masu kauri, a yi su da kwali mai rabin santimetir, a shafa musu fari. A ƙara dutsen ƙanƙara ɗaya ko biyu, ƙasansu a shafe, don ɓangaren sama kaɗai ake nunawa.

Rana ta huɗu. A daka alli ya yi laushi. A shafa ƙaro a saman tudu da saman ƙanƙarar teku. A tankaɗe garin allin da rariya daga sama. A busa shi a hankali daga gefe ɗaya, yadda zai taru a bayan kowane tudu kamar iska ce ta kawo shi. Kada garin ya cika ramuka, kada kuma ya rufe ruwan teku.

A can baya a kafa ƴan duwatsu baƙaƙe. Su ne kawunan tsaunukan da suka leƙo daga cikin ƙanƙara.

Saura tsuntsaye. A bakin tekun Antaktika akwai wani tsuntsu mai baƙin baya da farin ciki. Ba ya tashi sama, amma gwanin iyo ne, kifi yake ci. Da Faransanci ana ce masa manchot. Mafi girmansu ya ɗan wuce metir 1. Ƙwayar dawa ta isa ta nuna shi. A shafa mata baƙi a baya, fari a gaba, a jera su da yawa wuri ɗaya, don a garke suke zama. Kada a sa babbar farar dabbar nan da ake kira ours blanc. Ita a arewacin duniya take, ba ta taɓa zama a Antaktika ba.

Idan an gama, a ajiye samfurin a wuri mai tudu, nesa da laima da gara.

6. Gwaji

A samo kofi biyu na gilashi da ƙanƙara ta gaske. A kofi na fari, a zuba ruwa, a sa ƙanƙara tana yawo a ciki, a yi alama inda ruwan ya tsaya. A kofi na biyu, a sa dutse wanda kansa ya fito bisa ruwa, a ɗora ƙanƙara a kansa, a yi alama. A jira duka su narke.

A kofi na fari ruwa bai wuce alama ba, don ƙanƙarar tana cikin ruwan tun farko. A kofi na biyu ruwa ya hau, don sabon ruwa ne ya gangaro daga kan dutse.

Haka abin yake a duniya. Hayaƙin fetur da gas da kwal da mutane suke ƙonawa yana ƙara wa duniya zafi. Daga shekara ta 1900 zuwa yau, teku ya hau wajen santimetir 20. Narkewar ƙanƙarar tudu tana cikin dalilan haka. Masana sun ƙiyasta cewa da ƙanƙarar Antaktika za ta narke duka, da teku ya hau wajen metir 58. Wannan ba abin da zai faru cikin ƴan shekaru ba ne. Amma hawan metir ɗaya ma ya isa ya cinye unguwanni a biranen bakin teku kamar Kotonu da Lome da Legas, inda Hausawa da yawa suke zaune suna sana'a.

Abin riƙewa

Antaktika tana kudancin duniya, ƙanƙara ta rufe ta. Dusar ƙanƙara fara ce, tsohuwar ƙanƙara shuɗiya ce. Samfuri yana bin ma'auni guda. Ƙanƙarar tudu ce take ƙara yawan ruwan teku idan ta narke.

Kalmomi

ƙanƙara: la glace
dusar ƙanƙara: la neige
ƙanƙarar teku: la banquise
dutsen ƙanƙara: l'iceberg
samfuri: la maquette
ma'auni: l'échelle

Tambayoyi

1. Don me ake ce wa Antaktika hamada?
2. Me ya sa cikin ramukan ƙanƙara yake shuɗi?
3. Wa ya fara isa ƙarshen kudancin duniya? A wace shekara?
4. Idan santimetir 1 yana nufin metir 2, santimetir nawa za a ba dutsen ƙanƙara mai tsawon metir 14?
5. Me ya sa ake amfani da ƙaro a wannan aiki?
6. A wane kofi ruwa ya hau? Mene ne dalili?

Aiki

A raba aji ƙungiya-ƙungiya, yara shida shida. Kowace ƙungiya ta gina samfurinta. Idan an gama, yaro ɗaya ya bayyana aikin da Hausa, wani kuma ya faɗi sunayen sassan da Faransanci.