Takarda Tana Zamewa A Ƙaramar Na'urar Ɗab'i: Ga Gyaranta

Wani matashi daga Kubwa ya rubuto mini cewa ya sayi tsohuwar na'urar gwajin ɗab'i, irin wadda ake jera haruffan dalma, a shafa tawada, a ɗora takarda, a ja abin naɗi ta kai. Yana son buga katin gayyatar biki mai launi biyu, amma takarda tana gocewa, gefenta kuma duk tawada.

Malam, na'urarka lafiyarta ƙalau. An ƙera ta ne don duba kurakurai kafin babban bugu, ba ta da abin riƙe takarda. Tsofaffin mabuga na zamanin na'urar katako a Turai sun magance wannan da firam biyu masu hinji, timfan da firisket, kuma kana iya haɗa su da kanka.

Timfan shi ne gadon takarda. Abin da ya fi komai muhimmanci a nan kauri ne. Tsayin harafin dalma irin na Ingila da Amurka milimita 23.3 ne, don haka dole firam ɗinka ya kwanta ƙasa da haka, ya kewaye haruffan, in ba haka ba abin naɗi zai hau kansa ya murƙushe. Ni dai na fi son alminiyom daga wurin masu haɗa taga. Katakon Dei-Dei ya fi araha, amma wanda ya ga yadda ƙofa ke kumbura da damina a Abuja, ta kuma tsuke da hunturu, ya san abin da zai biyo baya. Ka ɗan jiƙa takarda mai ƙwari kafin ka manna ta a firam. Idan ta bushe za ta ɗaure tamau kamar fatar kalangu. Ka buga sau ɗaya a kanta, sannan ka liƙa guntayen kwali uku inda katin zai tokare, biyu a dogon gefe, ɗaya a gajere.

Firisket firam ne mafi siranta da ke rufe katin. Ka yafa masa takarda, ka buga a kai, ka yanke wurin rubutun da reza, ka bar tazarar milimita uku. Ta wannan taga kaɗai tawada za ta taɓa katin.

Kada ka yi rowa wajen hinji. In yana wasa ko da kaɗan, launi na biyu ba zai faɗa gurbinsa ba. Ka ɗaure shi a ɓangaren da abin naɗi ke tasowa. Tunda timfan ya ƙara kauri, ka rage shimfiɗar da ke bayan katin har harafi ya daina huda takarda.

Launukan biyu kuma ka buga su rana ɗaya, musamman a watan Agusta, domin takarda tana shan danshi ta miƙe cikin dare.