Amfilifayar Hedifon Ta Haɗin Hannu Ta Lalace: Wa Za Ka Kai Wa?

'Yan uwana ɗalibai, darasinmu na wannan fitowa a kan wata matsala ce da nake yawan cin karo da ita a sashenmu na lantarki, musamman in lokacin kare furojet ya matso. Wani ya haɗa amfilifayar hedifon da hannunsa, wani ya saya wurin wanda ya haɗa, wani kuma yayansa da ya gama HND ne ya bar masa. Rana ɗaya sai ta faɗo daga kan tebur, ko a jona mata adaftar da ba tata ba, shi ke nan ta yi gum. Da wayar hannu ce, kafin ka ƙirga goma ka samu mai gyara. Ita kuwa wannan sai ka zaga kasuwa, kowa ya jujjuya ta ya miƙo maka abarka. Wanda ma ya karɓa, wani sa'in gara a ce bai karɓa ba. To, bari mu bi abin daki-daki.

Mece ce ita, kuma me ya sa ake gudunta?

Amfilifayar hedifon 'yar na'ura ce da ake sa wa tsakanin waya ko kwamfuta da hedifon, don ta ƙara wa sauti ƙarfi ba tare da ta gurɓata shi ba. Mu yi ɗan lissafi. Iyafis da ƙananan hedifon da muke yawo da su yawanci om 16 zuwa 32 ne. Manyan na situdiyo kuwa akwai masu om 250, akwai masu om 300 irin su Sennheiser HD 600. In ka ba hedifon mai om 32 bolt ɗaya, zai samu kusan miliwat 31. In ka ba mai om 300 wannan bolt ɗayan, miliwat 3 da ɗan ɗoriya kawai zai samu. Kun ga dalilin da ya sa babban hedifon yake yin sanyi a jikin waya, kuma dalilin da ya sa ake neman amfilifaya ke nan.

Wadda ta fi shahara a cikin na haɗin hannu ita ce CMoy, wadda Chu Moy ya fitar da zanenta kyauta a ƙarshen shekarun 1990. Ana yawan sa ta cikin ɗan gwangwanin alewar Altoids, da batir mai bolt 9, da IC irin OPA2134 ko OPA2132. Daga baya, a 2011, aka samu Objective2, wadda ita ma zanenta a buɗe yake. Akwai kuma manya masu taransifoma da ake jonawa a bango, har da masu kwalba irin ta tsofaffin rediyoyi.

Abin da ke sa masu gyara ja da baya shi ne, kayan kamfani yana da lamba, yana da zane, yana da kayan canji a kasuwa, kuma mai gyara ya taɓa ganin irinsa sau ɗari. Na haɗin hannu kuwa tilo ne. Babu lamba, babu takarda, wayoyin ciki wanda ya haɗa ne kaɗai ya san inda kowace ta nufa. Sannan ba lallai ne a ce tun asali an haɗa ta daidai ba. Mai gyara zai ɓata awa biyu yana bin layi a kan fanel kafin ma ya fara gyaran, alhali a wannan lokacin da ya canza gilashin waya huɗu ya sa kuɗi a aljihu. Don haka in ya ƙi karɓa, kada ka ga laifinsa.

Kafin ka fita neman mai gyara

Abu na farko, kuma don Allah a riƙe shi da kyau: kada ka sa hedifon ɗinka mai tsada a jikin amfilifayar da ake zargi. In wani abu ya ƙone a ciki, tana iya fitar da wutar DC kai tsaye ta ramin hedifon. A ce amfilifaya ce mai aiki da bolt 12, kuma duk bolt 12 ɗin suka zubo kan hedifon mai om 32. Lissafi ya ba mu wat 4.5, a kan siririn nannaɗin wayar da aka yi shi don 'yan miliwat. Cikin ɗan lokaci ya ƙone. Ka je gyaran abu ɗaya ka dawo da gawa biyu. Ka nemi iyafis mai araha ka ajiye shi don gwaji kawai.

Na biyu, in mai batir ce, ka ari mita a lab ka yi ɗan awo. A CMoy, ana raba bolt 9 gida biyu da rezista biyu masu kilo-om 4.7, a samu kusan 4.5 sama da 4.5 ƙasa. IC ɗin ƙafa takwas gare shi. Ƙafa ta 8 ce ke karɓar wutar sama, ta 4 ta ƙasa, ta 1 da ta 7 su ne mafitar sautin kunne biyu. In ka auna ka ga ɓangare ɗaya ya kai 8 ɗaya kuma 1, rabon wutar ya karkace, kuma ka samu bakin zaren. Ka kuma auna DC a ramin hedifon ba tare da kiɗa ba. 'Yan milibolt ba komai, amma yawancin masu haɗawa ba sa son ya wuce milibolt 20.

In kuwa mai shiga bango ce, to fa a nan sai a yi hattara. Wutarmu bolt 230 ce. Masu kwalba kuma sukan yi aiki da bolt sama da ɗari a ciki, kuma manyan kafasitocinsu suna riƙe wuta ko bayan an zare su daga soket. Wannan ba ta ɗan ND 1 ba ce a ɗakin kwana da tsakar dare. Ka rufe ta, ka kai wa wanda ya sani.

Na uku, ka rubuta alamomin ciwon. Sukan nuna inda matsalar take:

Kunne ɗaya ya mutu, ko yana dawowa in an motsa waya: yawanci ramin hedifon ne ko dalmar da ta tsage, musamman bayan faɗuwa.

Ƙarar ƙarce-ƙarce in ana murɗa bolum: ƙura ce ta shiga mamurɗin. Hunturu gwani ne a wannan ɓarna.

Gurnani mara yankewa a mai shiga bango: ko wayar ƙasa ta saki, ko babbar kafasita ta bushe. Zafin garuruwanmu yana saurin tsufar da su.

Shiru gaba ɗaya da warin ƙuna: galibi an juya wuta ne ko an sa adaftar da ta fi ƙarfinta, kuma IC ne kan fara tafiya.

A ƙarshe ka ɗauki hoton cikinta ta kowace fuska, ka nemo zanenta in sananniya ce ka buga a takarda. Mai zuwa da zane ya rage wa mai gyara rabin aiki.

Su wa za ka nema?

Na farko shi ne wanda ya haɗa ta. In yana nan kuma ana iya samunsa, babu wanda ya fi shi. Ko ya yi nisa, saƙo ɗaya ta WhatsApp na iya kawo maka zanen da sunayen kayan da ya sa.

Na biyu, kuma a ganina mun fi raina su alhali suna kusa da mu, su ne ma'aikatan lab na sashen lantarki. Suna da abin da babu shi a yawancin shagunan kasuwa: osilosikof, da na'urar ba da sigina, da na'urar ba da wuta mai iyakance yawan abin da za a ja. Da waɗannan za a bi sauti daga mashiga zuwa mafita a ga daidai inda ya ɓace. Ka je da ladabi, a lokacin da ba firaktikal, ka ce, "Malam, don Allah in da hali ina so a duba mini wannan, ga zanenta." Sau da yawa za ka fito da gyara da kuma darasi kyauta.

Na uku, tsofaffin masu gyaran rediyo da amfilifayar lasifika, irin waɗanda masu kiɗan biki da masu sanarwa a mota suke kai wa kayansu. Waɗannan sun saba da sauti, sun saba da kayan da ake cusa ƙafafunsu a rami a liƙe da dalma, kuma irin ginin da ake yi wa yawancin na haɗin hannu ke nan. A Kano za ka same su a wajajen Sabon Gari, a sauran garuruwa ma ba a rasa su a gefen masu sayar da kayan lantarki. In gidan ƙarfen ne ya lotse, maƙera irin na Panteka a Kaduna sun iya wannan, amma ka cire fanel ɗin tukuna kafin guduma ta sauka.

Na huɗu, masu gyaran waya, irin na Farm Centre a Kano da takwarorinsu. Hannunsu na da kyau ƙwarai wajen ƙananan abubuwa, kuma in fanel ɗinka na ƙananan kayan da ake mannawa a sama ne, za su yi maka amfani. Sai dai aikinsu na yau da kullum cire wannan sa wancan ne, kuma iskar zafin da suke aiki da ita tana iya narka robar kafasita da ramin hedifon. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. In za ka kai musu, ka je da sanin abin da kake so a canza.

Yadda za ka gane na ƙwarai

Ka lura da abin da ya fara yi. Na ƙwarai zai tambaye ka yadda abin ya faru, ya buɗe ya duba da ido, ya ɗauko mita kafin ya ɗauko ƙarfen dalma. Wanda ya jona ta a wuta nan take, ko ya ce "IC ne" tun bai kwance ko noti ɗaya ba, ka karɓi kayanka ka yi masa sai an jima. Haka wanda ya ga fiyus ya ƙone ya ce zai ɗaure shi da waya. Fiyus ba ya ƙonewa haka kawai.

Ga wani misali da na gani da idona. Wata abokiyar karatuna ta kai CMoy ɗinta wani shago, mai gyaran ya ga OPA2134 ya ƙone, bai da shi, sai ya sa NE5532 tun da ƙafafunsu iri ɗaya ne. Sauti ya fito, kowa ya yi murna. Amma duk sanda ta cusa hedifon sai ta ji "ɗas". Da muka auna a lab, DC ya haura milibolt ɗari. Ga dalili: NE5532 yana jan kusan nano-amfiya 200 ta ƙofar shigarsa. A CMoy akwai rezista mai kilo-om 100 a wannan ƙofa, sai a samu milibolt 20. Da'irar kuma tana ninka abin da ya shigo sau 11, ka ga ana maganar wajen milibolt 200 ke nan. Shi OPA2134 ƙofarsa ta FET ce, abin da yake ja bai taka kara ya karya ba. NE5532 IC ne mai kyau a inda aka tsara masa, amma nan ba gidansa ba ne. Shi ya sa nake cewa ka roƙi mai gyara kada ya canza lambar komai sai ya faɗa maka. Kuma a yi hattara da IC na jabu, don akwai su a kasuwa. In farashin ya yi araha fiye da kima, ka tuna araha ba ta ado.

Kafin ka bar shagon ku yi magana a fili. Nawa ne kuɗin dubawa, nawa ne na gyara? "Maigida, in ya wuce kaza a kira ni tukuna." Ka ce a ajiye maka duk abin da aka cire. Ku sa rana, ka karɓi 'yar takarda ko da da biro ce. Kada ka bar masa hedifon ɗinka mai tsada, ka bar na gwajin.

Ranar karɓa

Kada kunya ta sa ka biya ka tafi. A gabansa a auna DC a kunne biyun. A sa iyafis na gwaji, a saurara ba kiɗa a ji ko akwai gurnani. A murɗa bolum daga ƙasa har sama. A motsa wayoyin. A bar ta a kunne kamar minti goma sha biyar, sannan in mai batir ce ka taɓa IC ka ji. In ya yi zafin da yatsa ba zai jure ba, da sauran aiki. Sai duk wannan ya wuce lafiya za ka sa babban hedifon ɗinka.

Wani lokaci kuma gyaran ba shi da riba. In fanel ya ƙone har layukan tagulla sun ɗaɗɗago, ga CMoy dai sake gini ya fi sauƙi, tun da kayanta ba su da yawa. Ka ciro abin da ya tsira, gida da mamurɗi da ramuka, ka sake sabuwa. Ga ɗalibin lantarki ma wannan riba ce.

Ga masu haɗawa

Mu da muke haɗa irin waɗannan na'urori, wahalar da masu gyara ke sha daga hannunmu take farawa. Ka zana da'irarka ka naɗe kwafi ɗaya ka manna a cikin murfi. Ka sa IC a kan soket maimakon ka liƙe shi kai tsaye. Ka sa dayod da zai kare ta in an juya wuta, ka rubuta bolt nawa take sha a kusa da ramin adafta. Ja ga wutar sama, baƙi ga ƙasa, kada ka yi duka da kala ɗaya don ita ce ta rage a jaka. Ka rubuta awon da ka samu ranar da take lafiya, don wanda zai gyara ya samu abin kwatantawa. Kuma a guji zuba gam mai zafi a kan komai da komai.

Duk wanda yake da irin wannan na'ura a ajiye a ƙarƙashin gado, ya fito da ita a wannan zangon, ya ari mita, ya fara da awon nan na ƙafa ta 8 da ta 4. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.