Kafin Ka Auna Malami da Alƙaluma

Ɗana, tun da aka kafa Jami'ar Garwa a 2022 nake ganin matasan malamai suna auna magabata da kwamfuta: maƙala nawa ya buga, sau nawa aka ambace shi. Saurara, kafin ka zubar da mutuncin wani har da naka.

Abin da za ka yi

- Ka san ma'aunin h kafin ka furta shi. Jorge Hirsch ya ƙirƙiro shi a 2005: mai h 10 yana da maƙala 10 da aka ambaci kowace aƙalla sau 10, iyakarsa ke nan.
- Ka nemi sunan mutum ta kowace fuska. Eldridge Mohammadou, masanin tarihi haifaffen Garwa, wasu na rubuta shi "Mohammadou, E.", wasu "Eldridge, M.", sai na'ura ta raba mutum ɗaya gida biyu.
- Ka taka da ƙafarka zuwa laburare. Littafin tarihin Garwa da Mohammadou ya yi tare da Modibbo Ahmadou Bassoro da Faransanci ya fito a 1980, wasu littattafansa kuwa a Tokiyo aka buga su. Scopus kuwa, ma'adanar ƙirga ambato, ta fi ganin mujallun Ingilishi.
- Ka gwada kowa da 'yan fanninsa. Likitan dabbobi na cibiyar LANAVET a Bokle da mai tattara tarihi daga bakin dattawa ba mudu ɗaya ake auna su da shi ba.
- Ka karanta wurin da aka ambaci malami. Wani ambaton ƙaryatawa ne.
- Ka cire inda ya ambaci kansa. Yabon kai jahilci.

Abin da ba za ka yi ba

- Kada ka biya mujallar da ke bugawa cikin mako guda. Kuɗinka ya tafi, kwamitin ƙarin girma kuma ya san sunanta.
- Kada ka shiga adashen "ambace ni in ambace ka". Ranar da asiri ya tonu, tare za ku nutse.
- Kada ka yayyanka bincike ɗaya ya zama maƙala biyar. Masu tantancewa ba makafi ba ne.
- Kada ka sa sunan wanda bai taɓa aikin ba, ko da shugaban sashenku ne. In aka janye maƙalar, kai za a fara kira.
- Kada ka auna maƙala da sunan mujallar da ta ɗauke ta. Sanarwar San Faransisko ta 2012 kan wannan ta ja kunne.
- Kada ka raina mai binciken auduga na cibiyar IRAD don alƙalumansa ba su da yawa. Irin da kamfanin auduga na SODECOTON ya raba wa manoma ba ya fitowa a jerin ambato.
- Kada ka yanke wa mamaci hukunci da allon kwamfuta. Mohammadou ya rasu a Maiduguri a 2004, shekarar da aka buɗe Scopus da Google Scholar. Bai taɓa cika musu fom ba.