Yadda Ake Fakon Dusar Ƙanƙara a Ingila

Wanda bai taɓa zama a Ingila ba, zai ɗauka da sanyi ya kama ƙasar fari fat take komawa. Ina! A kudancinta, wajen Landan, ana iya cinye lokacin sanyi cur ba a ga dusar ƙanƙarar da ta kwana a ƙasa ba. Abin da ake samu yayyafi ne, da hazo, da duhu tun ƙarfe huɗu na yamma. Wannan ƙarancin ne ya samar da wasu mutane, malaman makaranta da direbobi da 'yan fansho, waɗanda daga Nuwamba zuwa Maris ba su da hira sai ta dusa. Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, yana cikinsu. A wurinsa na koyi sana'ar, in dai za a kira ta sana'a.

Da iska ake farawa. Landan ta fi Toronto nutsawa arewa, amma iskar da ta fi kaɗawa a Birtaniya daga kudu maso yamma take zuwa, ta biyo ta kan Tekun Atlantika mai ɗauke da ɗumi tun daga Mashigin Meziko. Tana da ruwa, ba ta da sanyi. Sanyi na gaske daga Rasha yake tasowa, ko daga can ƙuryar arewa, shi kuma yawanci busasshe ne. To ka ji inda gizo ke saƙar: dusa ba ta samuwa sai sanyi da danshi sun haɗu, su kuwa ba hanyarsu ɗaya ba. Saboda haka mai fako yakan buɗe taswirar yanayi ya nemi wani dunƙulen iska mai nauyi da ya yi kane-kane a kan Sikandinebiya ko Girinlan, ya tare wa Atlantika hanya. In babu shi, a rufe taswira a je a sha shayi. Abin yakan ba ni dariya: a gida gabas muke kallo mu ga ko hadari ya haɗu, nan ma ga Bature ya zuba wa gabas ido.

In iska ta juya, sai a ɗaga kai sama. Sanyin da ke bakin ƙofarka ba shi ne hujja ba, domin a cikin gajimare ake haihuwar dusa. Ana duba sanyin iskar da ke kamar mita 1,500 daga ƙasa. Matuƙar bai kai digiri 5 ƙasa da sifili ba, kada ka sa rai. In ya kai 8 ko 10, dattijon nan har murmushi yake fara yi. Akwai kuma wani layi a taswira mai lamba 528, wanda ke nuna kaurin iskar sama, tunda iska mai sanyi takurewa take yi. Idan layin ya gangaro kudu ya wuce garinku, kun shiga sahu. Sahu kawai.

Daga nan sai wurin da mutane suka fi yin asarar barci, wato hasashen kwamfuta. Akwai na Amurka, GFS, mai fitowa sau huɗu a rana yana hango har kwana 16. Akwai na Turai, ECMWF, mai hedkwata a Reading, ga kuma na hukumar Met Office da ke Exeter. Sabon shiga yakan ga taswirar kwana 12 ta yi shuɗi ta rufe Ingila, ya ruga yana shela. Bayan sa'a shida sabuwa ta fito, babu ko alama. Na yi wannan wautar: na yi wa yara alkawarin za a rufe makaranta, ranar ta zo da ruwa tsagwaronsa, suka yi kwana biyu suna harara ta. Tsoffin hannu ba sa kallon taswira ɗaya. Cibiyar Turai takan maimaita lissafinta sau 51, kowane karo da ɗan canji a farkonsa, sai su zauna su ƙirga. In goma ne kawai suka nuna sanyi, mafarki ne. In arba'in suka yarda, kuma saura kwana biyar ko ƙasa da haka, a nemo shebur.

Idan saura kwana ɗaya ko biyu, magana ta dawo unguwa. Ana duba matakin raɓa, wato sanyin da iska za ta kai kafin danshinta ya zama ruwa. Ana so ya tsaya a sifili ko ƙasa. Da shi, dusa tana iya sauka ko da ma'auni na nuna digiri 1 ko 2 sama da sifili, musamman in zubar ta yi ƙarfi, don ita da kanta take ƙara sanyaya iskar da take ratsawa. Tudu ma yana da ta cewa. Kowace mita 100 da ka hau, zafi na raguwa da fiye da rabin digiri kaɗan, shi ya sa mutumin Buxton zai tashi yana share ƙofar gida alhali na Manchesta lema yake nema. Tsakiyar Landan kuwa, da gine-ginenta da motocinta, kullum ita ce ta ƙarshe.

Ƙarshen Fabrairun 2018 ne komai ya zo daidai. Sanyi ya kwararo daga Saberiya, jaridu suka raɗa masa suna Dodon Gabas. Da ya ratsa Tekun Arewa, wanda ruwansa ya fi shi ɗumi, sai ya kwashi tururi ya juye shi a gabashin ƙasar. Farkon Maris guguwar Emma ta taso daga kudu da danshinta ta yi karo da shi, Devon da kudancin Wales suka nutse cikin dusa, motoci suka kwana a kan titi.

Daren da ake sa rai, ana ajiye taswira a koma kan na'urar rada, a bi hadarin yana matsowa gari bayan gari. Daga nan sai a kashe fitilar ɗaki, a ɗage labule, a ƙura wa fitilar titi ido, domin a haskenta ake fara gane abin da ke sauka: in yana faɗowa a miƙe, ruwa ne, in yana lilo kamar audugar rimi, ta zo. Da safe a fita da rula, a auna a kan wani katako da aka shimfiɗa tun jiya nesa da bango, ba a kan ciyawa ba.

Wani dare cikin Janairu, wajen ƙarfe biyu, na ɗage labulena na hango dattijon tsaye a tagarsa da rigar barci. Muka yi kusan rabin sa'a kowa na kallon fitila guda. Can ya ɗago mini hannu, ya girgiza kai, ya saki labule. Yayyafi ne.